An maida wa jaririna sunan ɗana da ya rasu

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sunana Rakiya, daga wani ƙauye kusa da Koona. Don Allah ki karanta wannan masu sauraro su ji.

Ɗana na fari sunansa Ibrahim. Saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Yana fara tafiya zazzaɓi ya ɗauke shi, ko kuka ban iya yi gaban mutane ba.

Bana Allah ya ba ni wani namiji. Ranar suna maigidana ya ce a maida mashi Ibrahim, don in samu sanyin zuciya. Aka yanka rago, aka shafa fatiha.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya ce "Ina Iro?" sai gabana ya faɗi. In yaron ya yi barci, sai in sa yatsa bakin hancinsa in ji ko yana numfashi. Abinci ba ya shiga, kunun kanwa ma ƙyama yake ba ni. Uwar mijina ta ce, "Ke ɗiyar nan, jego ne, zai wuce." Bai wuce ba. Yanzu har tsoron ɗaukarsa nake yi.

Malama, ana iya sake suna bayan an yanka rago? Ko likita ya kamata in tafi Tasawa? Ku taimake ni da shawara. So nake in kalli yaron nan in gan shi shi kaɗai, ba wanda aka binne ba.