Imani da Kai: Turanci Ne ko Shirka?

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Garba, ɗan masunci daga Yelwa.

An kira ni intabiyu a Sakkwato, aikin malamin gona, ga shi ko gaban hedimasta na tsaya Turancina guduwa yake. Sai na shiga ajin Turanci. Malaminmu ya ce kowace safiya mu riƙa cewa, "I believe in myself," zuciya za ta yi ƙarfi.

Ina maimaitawa a tsakar gida, Inna tana gyaran kifi, ta ce, "Mi kaka faɗi?" Na ce, "Wai na yi imani da kaina." Wuƙa ta suɓuce mata. Ta ce, "Da Allah aka imani, Garba! Wagga ai shirka ta. In mota ta kife bisa hanya, da wagga magana za ka tafi lahira?"

Tun ranar nake tsaka mai wuya. In na faɗa, ina tsoron Allah. In na bari, ina tsoron mutanen ofis. Don Allah, wanda ya san Turanci ya kuma san addini ya raba mana gardama. Ranar Lahadi zan shiga motar Sakkwato.