Duba-gari ya ce bai ji wari ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Lokuwa, Mubi.

Maƙwabcinmu na jiƙa fatun shanu, da yamma warin har amai yake sa ɗana. Muka kai ƙara, aka turo duba-gari da sassafe. Ya tsaya can bakin titi, ya shaƙi iska, ya ce, "Ni ban ji komai ba."

Maigidana ya shaƙo wuyansa, ya ja shi, ya dulmiya masa fuska cikin duron jiƙon, ya ce, "To, yanzu auna!" Yaran mai fata suka rotsa wa maigidana kai da itace, jini har kan zanena.

Yau maigidana yana tsare hannun 'yan sanda, wari kuwa yana nan. Jama'a ku ba ni shawara: hancin wa hukuma take yarda da shi?