Makin da Aka Bayar da Kunne

Ina jira a rumfar mai gyaran waya. Wani dattijo da wata mata na kan benci, ba su san juna ba.

"Baba, wannan wayar taka ai sai jefarwa," in ji matar.

"Kul, 'yata! Ita ta ceci jikata. Da aka rufe makarantu aka koma karatu ta waya, cewa aka yi duk wanda bai turo hoton aikinsa ba sifili ne, sai maimaita aji. Tawa kuwa ba ta ɗaukar hoto."

"To, ya aka yi?"

"Malamarsu ce ke kira duk Asabar. Yarinyar ta karanto amsa, ita ta sa maki. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma kullum tana cikin addu'ata."

"Ai ta karya doka. Da shugaban makaranta ya ji, takardar gargaɗi za ta samu."

"Ke dai ba ki da tausayi."

"Sau biyu aka ba ni takardar, Baba. A tamu makarantar yara goma sha ɗaya nake kira."

Da layi ya zo kan dattijon, ya ce wa mai gyara, "Fara da ta Malama."