Wanda Yaro Ba Zai Buɗe Ba

A wani shagon kayan mota a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, Alhaji Muhyiddeen, ɗan kasuwar Kano, ya daɗe yana jujjuya wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Jeremiah mai jiran shagon, shi ma ɗan Arewa, ya ji Hausa a bakinsa, ya matso.

"Baba, wannan na ajiye bindiga a mota ne. Ƙasar nan fa ba a wasa da ita."

"Na sani, ɗana. Kano za shi. Na ƙanena ne, ɗan sanda."

"To ɗauki mai lambobi. Ko ɓarayi sun tare shi, dannawa kawai, khalas, ya buɗe."

"Ba sauri nake nema ba, yara kuma suna haddace lamba. Shi ba ya shiga masallaci da bindiga. Ran Juma'a ƙarƙashin kujera yake tura ta, yaran suna jiransa a mota."

"Yaran nawa ne, Baba?"

Alhaji ya ajiye akwatin a hankali.

"Da dai uku ne."

Jeremiah ya hau tsani, ya sauko da mai makulli, mafi kauri.

"Allah ya ba ku haƙuri, Baba. Makullin ya riƙa shiga masallaci da shi."