Giyar Tsohon Babur

A tashar motar Talata Mafara, wani dattijo mai jiran motar Bakura ya tsaya kan wani magidanci da ke ɗaure murfin injin tsohon babur.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Wannan ai ya girmi ɗiyana. Yana tahiya kuwa?"

"Yawwa, Baba. Tun daga Maradun shi ya kawo ni. Giyar ma ni na kwance ta da hannuna, na mai da."

"Kai makanike ne?"

"Manomi dai. Da hwarko da na haɗa, in na sa ta biyu sai ta kuɓuce. Na sake buɗewa, na ɗauka haƙoran ne sunka cinye. Ashe wani siririn zobe na sa a baibai. Na juya shi, ta zauna daram!"

"To, ban da abinka, samari duk sun sayi sababbi wurin aikin dam. Ka sayar mana, ka huta."

"In sayar? Baba, da ruwan dam ya taso, shi ya kwashe tsohuwata da hatsinmu zuwa tudu. Gona tana ƙarƙashin ruwa, gidan da anka haife ni ma haka. Shi kaɗai munka hito tare."



"Allah ya mai da alheri. To, ta ukun hwa, tana shiga?"

"Bar jiran motar nan, Baba. Hau in kai ka Bakura, ka ji da kunnenka."