Jihohi Sha Biyu a Littafin Falmata

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Gashuwa. Da girmana na koyi karatu, shi ya sa nake duba littafin 'yata Falmata, mai shirin jarrabawar shiga sakandare. Sai na ga malaminsu ya rubuta musu cewa jihohin Najeriya sha biyu ne, alhali sun zama sha tara tun tuni.

Na je na same shi. Ya yi dariya, ya ce, "Iya, ke da kika koyi karatu jiya-jiya? Tun da na bar kwaleji ba wanda ya kira ni kwas. Abin da ke tsohon littafina nake koyarwa."

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ranar jarrabawa, amsar wa zan ce ta rubuta, tawa ko tasa?