Mutumin da Ya Buɗe Mana Hanyar Tudu

Mai girma limamin cocinmu, Rabaran Vaughan, da shugabar majalisar gunduma, da matar marigayi, uwargida Eluned, da 'ya'yanta, Nesta da Cadog, dattawan Llanderi, da ku samarin da ke can baya, a ajiye wayoyin nan. Sannunku da zuwa.

Ni ce Morfudd Rees. 'Ya'yana huɗu duk sun bi ta ajin marigayi Malam Meurig Penry, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinsa.

Ya kasance malamin tarihi wanda ba ya shafa wa gaskiya zuma. Ranar da 'yata ta dawo ta ce wai sarkin nan na dā da kakanninmu ke cewa yana barci cikin tudunmu ƙagaggen labari ne, ko hannu ban wanke ba na nufi makaranta.

Na ce, "Meurig, ka rasa abin koya wa yara sai cewa kakanninsu maƙaryata ne?"

Ya ce, "Zauna, Morfudd, kar ki cinye ni ɗanye. Ɗan zuhudun cocin da ya rubuta labarin, ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin da aka ce an raunata sarkin ya ɗauki alƙalami. Ya ji kaɗan, ya ƙara gishiri. Mai kwafa ya ƙara barkono. Kambin sarkin da takobinsa duk a ɗakin rubutu aka ƙera su."

Na ce Allah ya shirye shi, na tafi.

Sai ga shekarar da kamfanin fasa dutse ya sayi gefen tudun, ya datse hanya da ƙofar ƙarfe. Hanyar da muke kora tumaki, hanyar da muke bi zuwa tsohuwar maƙabarta. Doka ta ce hanyar da jama'a ke takawa tun kaka da kakanni ba ta rufuwa, amma sai an kawo shaida. Shaidarmu kuwa wannan labarin ne kaɗai.

Mu muka je masa, ni ce a gaba. Na ce, "Don Allah, sau ɗaya tak, ka ce sarkin gaskiya ne."

Ya ce, "Ke da ke dukan yara kan ƙarya?"

Ya kasance mai taurin kai, kuma taurin kan nan shi ya cece mu. Ranar zaman sauraron ƙararmu lauyan kamfani ya ɗaga wani ɗan littafi da Meurig ya wallafa ya ce, "Malam, ba kai ka rubuta cewa sarkin tatsuniya ne ba?"

"Ni ne, kuma ban janye ba. Ɗan zuhudun bai taɓa ganin sarki ba. Amma hanya, da ƙafarsa ya taka ta. Ya ce an ɗauko sarkin da rauninsa daga mashigin rafi, aka wuce rijiyar coci, aka ratsa tsakanin duwatsu uku. Mai tsara labari ba ya ƙarya kan hanyar da masu sauraronsa ke bi kullum, sai su yi masa dariya."

Jami'in binciken da ke sauraron ƙarar ya sa takalmin ruwa, muka bi shi duk gari. Ga mashigi. Ga rijiya. Ga duwatsu uku, kamar jiya aka rubuta! Kafin shigowar hunturu an cire ƙofar.

Ku ji ni, yara. Da ya bi shawarata, da lauyan nan ya yi kaca-kaca da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da don alheri aka haƙa shi.

Eluned, ɗaga kanki, mijinki ya yi nasara. Nesta, Cadog, ba a bar muku gona ba, an bar muku suna. Kada in ji kun zubar da shi.

Mun gode wa matan da suka dafa shayi, mun gode wa duk wanda ya zo. Idan an tashi, kowa ya ɗauki rigar ruwansa: ta hanyar tudu za mu kai furanni kabarinsa a tsohuwar maƙabarta, ba wanda zai hau mota.

Ubangiji ya ba bawansa hutawa, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya bar hanyar nan a buɗe. Amin.